Ƙasar da Ta Sauko Kan Layin Su Auta

Laraba, bayan azahar

Ruwan ya ɗauke tun safe, amma gajimaren bai tafi ko'ina ba. Yana nan a kan tudun kamar wanda bai gama abin da ya kawo shi ba.

Ban saba rubutu ba sai na aiki: man da na zuba wa katafila, inda na yi haƙa, abin da ya lalace. A bayan littafin aikin nake rubuta wannan, don hannuna ya samu abin yi. Na tsufa a kan katafila. Na haƙa wa mutane magudanan ruwa da tafkuna da ramukan gini. Yau ga ƙasar da ta fi kowacce buƙatar in haƙa ta, ga ni tsaye a bayan igiyar da aka kewaye wurin da ita, hannu a aljihu. Katafilar tana can ƙetaren gadar da ta karye.

Ranar Litinin da asuba gefen tudun ya zaftaro kan layin ƙasa. Mu da muke layin sama ƙara kawai muka ji, kamar babbar mota tana juye tsakuwa, sai dai wannan ta ƙi ƙarewa. Da gari ya waye muka leƙa, babu layin. Jar laka ce shimfiɗe tun daga bakin masallaci har rafi.

Gidan Auta yana layin. Ita ce 'yata ta ƙarshe. Mijinta mai burodi ne, ya riga ya tafi wurin gashi tun kafin kiran salla, shi ya sa yake nan. 'Yarsu Tsigi kuma a wurinmu ta kwana, don tana tari, Auta kuma tana da ɗinkin mutane da take son ta gama. Ta ce da safe za ta zo ta ɗauke ta.

Iyakar abin da zan rubuta ke nan yau.

Alhamis, da yamma

Har yanzu gadar. An ce gobe.

Juma'a, da yamma

An zuba duwatsu a rafin, na lallaɓa na haye da ita. Da mutane suka ji ƙarar injin sai suka taso da gudu, mata na ɗaga hannu, wani tsoho yana kuka yana shafa ƙarfen. Ban iya kallon kowa ba.

Injiniyan da aka turo ya tare ni. Matashi ne, idonsa ja don rashin barci, kuma yana da ladabi. Ya ce, "Baba, don Allah daga gefe za ka fara. Ƙasar nan ba ta gama tafiya ba. In ka hau tsakiya da nauyin nan, za ka danne abin da ke ƙasa, ko ka jawo sauran tudun a kanmu."

Na ce masa ai tsakiyar ne nake da buƙata.

Ya ce, "Na sani, Baba. An faɗa mini."

Gaskiyarsa ne. Da ni ne a matsayinsa abin da zan faɗa ke nan. Daga gefe na fara.

Lokaci zuwa lokaci sai ya busa usur, in kashe injin, masu shebur su tsaya, kowa ya yi tsit a saurara. Ban taɓa sanin akwai shiru irin wannan ba. Sai ɗigar ruwa, sai akuyar wani can nesa. Sannan ya sake busawa, in tayar.

Mai burodi yana can tsakiya inda aka hana ni, da shebur, laka har gwiwa. Babu mai iya hana shi. Tunda ya auri Auta bai taɓa haɗa ido da ni ba saboda kunyar surukuta. Yau ya ɗago ya dube ni ta gilashin katafila, ya daɗe yana duba na. Ni ne na sunkuyar da kai.

Asabar, da safe

Matata, Mamansu, ta sa mayafi ta fita tun kafin shayi ya tafasa. Wata mata a layinmu ta ce mata wai wani ya ga an ɗauki wata matashiya a motar asibiti ranar da abin ya faru, ba ta iya magana, ba a san sunanta ba.

Ta ce, "Malam, ka san Auta da sammako. Ƙila ta fito neman ruwa ko zare."

Na ce ƙila.

Wane mai shago ne zai buɗe da asuba ya sayar da zare? Ban faɗa ba.

Asabar, da magariba

Ta dawo ƙafa a kumbure. Ba ita ba ce. Ta ce akwai wani asibitin a gaba, gobe.

Ni ma yau babu.

Litinin, da rana

Mun fito da iyalin wanzami. Dukkansu a ɗaki ɗaya. Ba zan rubuta yadda muka same su ba. Da na ga gefen zane sai in tsayar da hannun katafilar, in sauko, masu shebur su ƙarasa da hannu. Na koyi taɓa ƙasa da bokitin nan kamar mai ɗebo ƙwai.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya san inda layin yake. Mutanen da aka haifa a nan, suka yi wasa a nan, sun tsaya suna gardama. Wannan ya ce shagon mai gyaran rediyo yana daidai can, wancan ya ce a'a, ai kwanar tana gaba. Bishiyar mangwaron da kowa ke kwatance da ita ta sauko da ƙafarta har kusa da rafi, tana tsaye da ganyenta kore shar kamar can aka dasa ta. Na je gidan Auta ya fi a ƙirga. Ni na sa mata ƙofar ɗakin ɗinki da hannuna. Yau in aka ce in nuna wurin, sai dai in nuna sama da ƙasa.

Talata, da safe

Tsigi ta warke daga tarin. Ta hau cinyata tana jan gemuna, ta ce, "Mijina, ka yi wanka mana, kana warin taɓo."

Na ce, "To amaryata, in kin gaji da ni ki nemi saurayi."

Ta yi dariya har da faɗuwa. Sannan ta ce, "Umma ba ta gama ɗinkin ba?"

Na ce da saura.

Talata, bayan la'asar

Gwaggo ta aiko a kira ni. Ƙanwar mahaifina ce, ita ce ta rage mana a manya. Idonta ya tafi amma kunnenta da bakinta suna nan daram. Tana ɗakin ƙofar gidanmu a kan tabarmarta.

Ta ce, "Dogo, zauna. Kai da ƙarfenka kuna ta gurnani tun safe, me kuka samu?"

Na ce laka.

Ta ce, "Ai ba yau tudun nan ya fara ba. Kakata ta ba ni labari ina yarinya. Ta ce a zamanin uwarta akwai unguwar maƙera da masu tukwane a daidai wurin nan. Aka yi damina irin wannan, tudun ya sauko musu. Waɗanda suka rage suka watse. Masu tukwane suka koma bakin kogi, maƙera suka bi hanya, har yau ba a sake ƙera ko allura a nan ba. Ina tasowa filin nan babu mai noma shi, babu mai ɗaure akuya. In muka bi ta wurin sai a ce mu yi sallama, mu rage murya."

Na ce to yaya aka yi aka yi gini?

"Tsofaffi suka mutu mana. Gari ya cika. Ka ga fili a shimfiɗe, ga ruwa kusa, ka ce wa mai iyali kada ya gina saboda labarin wata kaka? Na faɗa sau ɗaya, aka yi mini dariya, ni ma na taya su. Har ni na je na sa wa ɗakin Auta albarka."

Ta murza bakin zanenta. Ta ce, "Tashi ka tafi, kana tare mini iska."

Ba iskar da nake tarewa. Na tashi.

Laraba, da magariba

Yau ma babu.

Alhamis, da magariba

Mutane sun fara rigima a kaina. Kowa yana so a haƙa wurinsa. Wata mata ta kwanta a gaban katafila ta ce sai dai in bi ta kanta in ban juya wajen gidan ɗanta ba. Wani mai kayan miya, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci tun muna samari, ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kowa ya san 'yarsa yake nema! Namu ba mutane ba ne?"

Ina ma haka ne. Ina ma inda nake so nake haƙawa. Inda injiniya ya nuna nan nake sa bokiti, ina fito da na wasu ɗaya bayan ɗaya, ina miƙa musu.

Na ci gaba da aikina. Da yamma mai kayan miyan ya zo ya ajiye mini ruwa a kan matakalar katafila ya tafi.

Juma'a, da safe

An zo an shafa jan fenti a ƙofofin layin sama, har da tamu. An ce ƙasan gidajenmu ma ta tsage, mu koma makarantar firamare kafin a ga abin da za a yi. Na duba bayan ɗakin girki, gaskiya ne, hannuna yana shiga tsagar.

Mamansu ta ce ba ta zuwa ko'ina. "In ta dawo ta tarar da gida a kulle fa? Ina za ta neme mu?"

Sai da na rubuta a jikin ƙofa da gawayi cewa muna makaranta, sannan ta yarda. Ta sa na ƙara da sunan ajin. Na ƙara.

Gwaggo a baro muka kai ta. Ta ce, "Dogo, duk tsawon aikinka ba ka taɓa ɗaukar kaya mai daraja irin na yau ba. Ka bi a hankali."

Lahadi, bayan azahar

Aji ɗaya, gida huɗu. An ɗaura igiya an rataya zannuwa a tsakani. A allo har yanzu akwai darasin da aka yi ranar ƙarshe, babu wanda ya goge.

Mutanen layin ƙasa da suka tsira suna azuzuwan gaba, mu muna na baya. Da 'yan unguwa ɗaya ne mu, muna auren juna, muna aron turmi. Yanzu a bakin famfo ana jifan juna da magana. Su suna cewa ruwan wankinmu da na magudananmu ne ya jiƙa tudun har ya sauko musu. Namu suna cewa su ne suka yi ta yankar gindin tudun suna ƙara ɗakuna. Wata ta ce wa Mamansu, "Ku ai da sauƙi, kun fito da katifunku." Mamansu ta ajiye bokitin ta dawo ba ruwa.

Ni ban san na wane ɓangare ba ne. Gidana yana sama.

'Yan kallo kuma suna ta zuwa daga cikin gari, suna ɗaukar hoto da waya. Har masu sayar da ruwan sanyi sun kafa a bakin igiya. An ce wasu suna kwashe kwanon rufin gidajen da aka bari. Yayyen Auta suna ta bugo waya daga inda suke aiki, suna tambaya ko su taho. Na ce su taho su yi me? Hannu ya fi shebur yawa a nan, wurin sawa ne babu.

Litinin, da yamma

Mamansu ta je asibitin da ya rage. Ta dawo ta kwanta ta juya wa bango fuska.

Yau ma babu.

Laraba, da yamma

Injiniya ya ce in yi zurfi a gefen rafi don ruwan da ya taru ya samu hanya. Na wuce jar lakar, na shiga wata ƙasa baƙa mai tauri. Sai bokitin ya yi ƙara. Na sauko.

Dutsen niƙa ne, ya lotsa a tsakiya don tsabar aiki. Kusa da shi fasassun tukwane, da wani abu kamar bakin murhu, har da gawayi. Da ƙasusuwa, sun yi launin ƙasar. Ƙanana a cikinsu.

Masu shebur suka taru suka yi cirko-cirko. Wani ya ce, "Waɗannan na wane gida ne?" Injiniya ya tsuguna ya daɗe, ya ce, "Ba namu ba ne. Sun riga mu da nisa."

Muka nannaɗe su a farin yadi kamar sauran. Liman ya ce haka ya dace.

Na kai wa Gwaggo ɗan dutsen da ake niƙan da shi. Ta shafa shi, ta juya shi, ta gwada shi a tafin hannunta. Ta ce, "Mai wannan bahaguwa ce. Ji inda ya ci." Ta riƙe shi a cinya har aka yi la'asar.

A hanya ina ta tunani. Wannan matar ma tana da uba. Shi da me ya haƙa? Da fartanya, ƙila da hannu. Ni ina da ƙarfen da ke ɗaga mota, kuma ban fi shi komai ba.

Alhamis, da safe

Ruwa ya dawo.

Alhamis, bayan la'asar

Tudun ya sake motsi. Ina cikin aiki na ga tsuntsaye sun tashi gaba ɗaya daga sama, sai usur, sai ihu. Wani yanki ya sulalo, ba babba ba, amma ya rufe ramin da muka kwana biyu muna buɗewa, ya binne wani mai shebur har ƙirji. Da hannu muka zaro shi. Ƙafarsa ta karye. Matarsa tana da goyo.

Injiniya ya ce kowa ya fita. Mai burodi ya ƙi, sai da 'yan sanda biyu suka ɗauko shi. Yana ta cewa, "Ku bar ni, na kusa, wallahi na kusa." Bai kusa komai ba. Ni na san bai kusa ba, don daga sama nake kallo.

Asabar, da dare

An bari mu koma gefe kawai. Can kusa da mangwaron bokitin ya fito da kan keken ɗinki. Baƙi, ya lanƙwashe. Akwai ɗan ƙyalle shuɗi ɗaure a wuyansa, inda ake soke allurai. Allurai biyu suna nan.

Mai burodi ya karɓa ya rungume. Ya ce, "Baba, shi ne. Daga tsohuwar rigata ta yanki ƙyallen nan."

Muka haƙa wurin har rana ta faɗi. Da shebur, da hannu, ni da bokiti a hankali. Mun samu ƙofar da na sa. Mun samu murfin tukunya. Injiniya ya ce lakar tana ɗaukar abu mai nauyi ta ajiye nan, ta kai marar nauyi can, babu mai iya cewa.

Mun kawo kan keken makaranta. Mamansu ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Keken ɗinki ai duk iri ɗaya ne. Ku fitar da shi, yana zubar mini da laka."

Tsigi ce ta ce, "Na Umma ne." Ta tsuguna tana ƙoƙarin juya hannun. Ya ƙi juyawa.

Lahadi

Ban tashi ba yau. Na ce musu bayana ne.

Talata, da yamma

Mai burodi ya zo ya tsuguna nesa da ni kamar yadda ya saba, ya cire hula yana murzawa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce mai gidan burodin zai rufe. Rabin masu sayen suna ƙarƙashin ƙasa, rabin suna makaranta ana ba su kyauta. Ya ce yayansa ya kira shi can garinsu, akwai aiki, akwai ɗaki. Ya ce ba ya iya barci a nan, ko ya rufe ido ƙarar yake ji, alhali shi bai ma ji ta ba ranar.

Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ya ci gaba da murza hular. Na san akwai saura. Ya ce, "Baba, da Tsigi zan tafi. Matar yayana za ta riƙe ta. Ita kaɗai ta rage mini."

'Yarsa ce. Me zan ce? In ce ta zauna da mu a aji, bayan zane, a gidan da ba gida ba? Na ce, "Ka bari in faɗa wa kakarta da kaina."

Ban faɗa ba tukuna.

Laraba, da safe

Ban faɗa ba.

Alhamis, bayan azahar

An tara mu a filin makaranta. Manya sun zo daga ofis. Sun yi magana mai tsawo, mai taushi. Abin da ke ciki shi ne an daina haƙa. Ƙasar ba ta da aminci, ruwa na tafe, kuma bayan wannan lokaci babu sauran wanda ake sa ran samu da rai. Za a yi wa waɗanda suka rage salla a wurin gaba ɗaya, a daidaita ƙasar, a kewaye ta da waya, a dasa itatuwa. Ba za a sake gini ba har abada. Mu kuma za a raba mu, wasu sabon fili bayan tasha, wasu can hanyar kogi.

Gwaggo da aka faɗa mata ta ce, "Har abada. Haka aka ce wancan karon ma."

Da taro ya watse injiniya ya biyo ni. Ya kasa farawa. Na ce, "Faɗi, yarona." Ya ce daidaita ƙasar aikin katafila ne. Ya ce in ba zan iya ba babu laifi, zai nemo wani direba daga cikin gari.

Na ce ya nemo.

Juma'a, da asuba

Wani direban ba zai san komai ba. Zai hau da gudu ya sauka da gudu don ya gama da wuri, yana jin waƙa a waya. Ba laifinsa ba ne, ƙasa ce kawai a wurinsa.

Na aika a faɗa wa injiniya ni zan yi.

Asabar, da yamma

An yi sallar. Layin sama da layin ƙasa sahu ɗaya, a bakin igiya, muna fuskantar fili babu komai a gabanmu. Mai kayan miya ne a gefena, kafaɗarsa a jikin tawa. Mamansu ba ta fito daga aji ba. Ta ce ita ba a yi mata rasuwa ba.

Bayan nan na faɗa mata maganar Tsigi. Na zaci za ta yi faɗa. Ta ce, "Yaushe?" Na ce jibi. Ta tashi ta fara ninke kayan yarinyar.

Litinin, da rana

Sun tafi.

Mamansu ta yi wa Tsigi wanka, ta yi mata kitso, ta daɗe a kan kitson fiye da yadda ya kamata. Mun raka su tasha. Mai burodi ya durƙusa har ƙasa ya ce mu yafe masa. Na ce ba ka yi mana komai ba, ɗana. Kan keken yana cikin buhu a ƙarƙashin kujerarsa.

Tsigi ta leƙo ta taga ta ce, "Mijina, in Umma ta zo ka ce mata mun tafi a mota babba."

Na ɗaga mata hannu.

A hanyar dawowa Mamansu tana gaba ina baya. Ajin ya yi faɗi.

Talata, da magariba

Na fara daidaita ƙasar tun safe, daga wajen masallaci. Ba na hawa da nauyi inda zan iya miƙa hannu. Ina shafawa da bayan bokitin, a hankali, kamar mai gyara shimfiɗa. Injiniya bai ce in yi sauri ba.

Wajen la'asar na ga masu aiki sun tsaya suna kallon bakin igiya. Mamansu ce. Tunda abin ya faru ba ta taɓa zuwa wurin ba, ko ta hanyar ba ta bi. Ta ɗaga igiyar ta shigo, takalminta yana nutsewa. Ɗan sandan da ke gadin wurin ya taso, injiniya ya riƙe masa hannu.

Na kashe injin na sauko. Ta tsaya tana duban filin daga wannan gefe zuwa wancan.

Ta ce, "Malam, ina ne?"

Na ce ban sani ba. Na ce mun samu ƙofar a wajen mangwaron, amma gidan yana can sama da nan, tana iya kasancewa ko'ina a tsakani. Karo na farko ke nan da na faɗi haka da bakina.

Ta taka har tsakiya. Ta cire takalmi ta zauna a kan lakar, ta dafa ta da tafin hannu. Na tsaya daga baya. Ina jin tana magana ƙasa-ƙasa, irin muryar da take yi in suna tsince shinkafa su biyu. Ta ce mata Tsigi ta warke, tarin ya tafi. Ta ce ta bi babanta, an yi mata kitso mai kyau, ba ta yi kuka a mota ba. Ta ce masu ɗinkin sun ce sun yafe, kada ta damu. Ta ce an ba mu fili a bayan tasha, da nisa, amma za ta riƙa zuwa.

Ta daɗe. Babu wanda ya motsa a cikin masu aikin.

Da ta tashi na miƙa mata hannu, ta kama. Rabon da ta kama hannuna a gaban mutane tun muna da ƙuruciya. Ta karkaɗe zanenta, ta dubi katafilar, ta dube ni.

Ta ce, "Hau ka ƙarasa. Amma ka rufe ta da kyau, Malam, har ƙafa. Ka san ta tun tana ƙarama, cikin barci sai ta ture mayafi."

Na hau. Ta tsaya a bakin igiya har na gama wajen.